Ciyawar Rijiyoyin Salaga

Bawku

Zuwa ga ƙanena Sidiku,

Assalamu alaikum. Ina gajiya, ina iyali, yaya damina? Mu nan lafiya lau, albasa ce kawai ta yi tsada. Tunda ka daina ɗaukar waya, ga takarda a hannun Mumuni direban doya. Matarka Atikatu ta karanta maka.

Ɗan baffanmu Jibirilu ya gaya mini ranar da ya je wurinka daga Yendi ya ga kana zuba shayi a gefen kofi. Ashe yanar idon ta kai haka, kai kuma kana ɓoye mini? Likitan ido na nan ya ce aikin ba wuya, a cire ta ɗaya, in ya warke a cire ta ɗayan. Ka taho. Fenti ba zai gudu ba.

Zanen da ka aiko na rataye shi a shago, sama da buhunan gero. Na gane wurin: tsofaffin rijiyoyin bayan gari, inda Inna ke hana mu wasa. Kukar ta fito, har tsagar gindinta. Sai dai me ya sa ciyawar ta kwanta wuri-wuri, kamar an zauna a kai? Ba na son juya masa baya in ina awo.

Ka gaida Atikatu da yara.
Yayarki ce dai, ko ka ƙi ko ka so,
Mudassira

Salaga

Yaya Mudassira,

Wa alaikumus salam. Gaisuwa mai yawa. Ki yi haƙuri da manyan baƙaƙen nan, da buroshi nake rubutu, biro ba na ganin sawunsa.

Kin san ba wanda ya koya mini zane, kuma kin san alkawarin da na yi wa Baba: ba zan zana mai rai ba. Ban karya ba. Itace, ruwa, ciyawa, shi ke nan. Jar ƙasar nan a bakin rijiyoyin nake ɗibarta, in niƙa da ƙaro, baƙin kuma gawayin kaɗanya ne. Abin da na gani nake sawa a ƙyalle.

Tun da yanar ta rufe ni, in na je wurin da hantsi, duniya kamar koko take, fari-fari. Amma akwai wuraren da hasken ba ya ratsawa. Wasu dogaye, wasu ba su kai gwiwata ba. Ƙarƙashinsu ciyawa a kwance take. Na taɓa da hannu, a kwance take, da ɗumi. Ba sa magana, ba su taɓa matsowa ba. Duka arewa suke fuskanta.

Ni da ke mun san su waye aka riƙa wankewa a rijiyoyin nan kafin a kai su kasuwa a sayar. Ban ce su ne ba. Na dai ce ba tsoro nake ji ba, kunya nake ji, kamar na shiga gidan makoki ban yi gaisuwa ba.

Ina kan wani babban zane. In na gama sai mu yi maganar likita.

Ƙaninki,
Sidiku

Yendi

Hajiya Mudassira,

Sallama da fatan alheri. Ni ba gwanin rubutu ba ne, amma wannan magana ba ta waya ba ce, kada yaran gareji su ji su ce kan maigida ya taɓu.

Na koma Salaga kamar yadda kika ce. Mutumin ya rame, amma hankalinsa ƙalau, har tsiya ya yi mini kan tumbina. Na raka shi rijiyoyin da rana tsaka. Ni ban ga kowa ba. Na dai lura yana kauce wa wasu wurare yana cewa gafara. Na ce, "Sidiku, wa kake ba hanya?" Ya ce, "Kai ma ɗaga ƙafarka, kan ta ƙaramar ka tsaya." Wallahi na ɗaga.

Ya ba ni zane ɗaya in sayar wa masu masaukin baƙi. Na jingine shi a gareji tsakanin babura. Ranar da na kawo shi, wuraren da ciyawar ta kwanta a tsakiya suke, kewaye da bakin rijiya. Yanzu duk sun taru a gefe ɗaya, gefen da ke kallon hanyar Gushegu, wadda ta yi arewa zuwa wajenku. Na juya zanen ya kalli bango, da na sake dubawa sun koma ɗaya gefen. Fentin a bushe yake, na kankara da farce. Kuma gareji da ya saba warin baƙin mai, yanzu ƙanshin ruwan rijiya yake.

Ba zan sayar wa kowa ba, ba kuma zai ƙara kwana a wurina ba. Ga shi nan a motar Mumuni. Ki yafe mini.

Naki,
Jibirilu

Bawku

Jibirilu,

Na amsa gaisuwa. Saƙo ya iso, na rataye shi kusa da na farkon, ina Ayatul Kursiyyu.

Ranar kasuwa wata tsohuwa Bakusasiya, 'yar asalin ƙasar nan, mai kawo mini man kaɗe ta shigo. Ta sauke ƙwaryarta, ta tsaya gaban zanen biyu ta daɗe. Sai na ji tana gaisuwa da yarensu na Kusal, irin wadda ake yi wa wanda ya dawo daga tafiya mai nisa. Ta roƙe ni ruwa a moɗa, ta ajiye a ƙasa, ta buɗe ƙofar baya. Na ce, "Kaka, su wa kike gaisarwa?" Ta ce, "Ban san sunansu ba. Ki dai bar ƙofar a buɗe."

Na bari. Da na dawo daga sallar la'asar, ciyawar zanen biyu a miƙe take tsaf, ba inda ya kwanta. Na zauna kan buhu na yi kuka, ban san na mene ne ba.

Na aika wa Sidiku labarin duka. Na kuma hana Mumuni ɗauko babban zanen. Na ce in yana so ya iso Bawku, shi zai riƙo shi da hannunsa. Ya yi fushi, amma ya ce yana tafe. Ka tare shi a tashar Yendi, ka tabbata ya hau motar da ta dace. In ya shigo hannuna, ba ya fita sai ya ga likita.

Allah Ya saka.
Mudassira

Bawku

Ɗan'uwa Jibirilu,

Salam. Duba, da biro na rubuta.

An cire bandejin idon dama. Na ga fuskar Yaya, ta tsufa ban sani ba. Na ga babban zanen, ciyawarsa ta miƙe tun ranar da muka iso. Da idon nan ba na ganin komai sai abin da kowa ke gani.

Likita ya sa ranar yin na hagu. Ba zan je ba. Da sauransu a bakin rijiya, kuma ƙananan ne suka fi yawa. Yaya ba ta yi mini magana ba tun jiya, amma na ga ta wanke buhunan fulawa, irin ƙyallen da nake zane a kai, ta shanya, ta naɗe mini su cikin jaka.

Ka jira ni a tasha ranar Laraba.

Sidiku