Zanin da Kike Jiƙa Mini

Zuwa ga Mama,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangijinmu Yesu, da fatan kina hutawa inda rana ba ta ƙuna. Ni ne Bulus. Muna nan lafiya a Kafanchan, an fara haƙar citta, bana ta yi dama-dama.

Abin da ya zaunar da ni rubutu shi ne, ƙanwata Rifkatu ta haihu. Namiji. Kuma Mama, irina ne.

Na je barka Samaru Kataf, na tarar surukarta ta naɗe yaron da hula da safa da shawul, ga kaskon gawayi a gefe. Kowa a ɗakin yana share gumi. Na sa yatsa a bayan wuyansa, yadda kike yi mini. Zafi zau, amma a bushe kamar bayan ƙwarya. Ba ya gumi, kamar ni.

Kin tuna tsohon likitan asibitin mishan da ya duba ni ina ƙarami? Shi ya ba ki kalmar nan, anadeniya. Ba ki iya karatu ba, amma kin riƙe ta kamar ayar haddace. Duk wanda ya ce asiri aka yi mini, ko lalaci ne ya hana ni gumi, sai ki ɗora masa ita, ki ƙara da naki bayanin: "Allah ya haƙa wa kowa rijiyoyi a fatarsa. Na Bulus ne bai haƙa ba, sai mu riƙa ɗebo masa."

Kuma kin ɗebo. Ranar gayya ina kan kunya da fartanya, ke kina bayana da bokiti da shuɗin zaninki, ki jiƙa ki yafa mini a kafaɗa, ya bushe ki sake jiƙawa. Samari suna cewa ga ango da rakiya. Ni ina jin kunya, ke ko a jikinki.

Sau ɗaya tak kika yi mini maganar yayana Yohanna, wanda ya rasu yana jariri kafin a haife ni. Kina kankare citta, ba ki ɗago ba, kika ce, "Jikinsa ya yi zafi, na ƙara masa bargo. Don ina sonsa ne na rufe shi."

Shi ya sa ban ga laifin surukar Rifkatu ba. Ita ma so ne. Ta ce tun kakanni ana rufe jariri, kuma me gwauro ya sani game da jego. Ban yi gardama ba. Na dai lallaɓi mijin Rifkatu muka kai yaron asibiti.

Likitan yanzu matashi ne, mai kirki. Na faɗa masa kalmarki da ƙarfin zuciya. Ya ce wannan tsohon suna ne, an daina amfani da shi tun da daɗewa. Ya faɗi sabon, mai tsawo, ya bi ta kunnena ya wuce. Mama, sai na ji kamar an sake binne ki. Amma da na gaya masa zancen zani da bokiti, ya ce abin da za a yi wa yaron ke nan: inuwa, ruwa, kaya marasa nauyi.

Da muka dawo, tsohuwar ta ce likita ma yaro ne. To, na ɗauki gatari na shiga faskare a tsakar gidanta da rana tsaka, har idona ya fara ganin duhu. Na zo na durƙusa, na miƙa mata hannuna. Ta shafa, ta duba tafinta. Ta shafa goshina, ta sake dubawa. Babu ko ɗigon gumi. Ta tashi ta cire wa jikanta hula da shawul, ta fitar da kaskon. Safar ce ta ƙi cirewa. Na bar mata, a hankali za mu kai can.

Bazara nake tsoro. Ke kin san yadda take yi mana.

Akwai abin da nake so ki sani. Ranar jana'izarki matan zumuntar coci sun ce zuciyata dutse ce, don ba su ga hawaye ba. Ke kaɗai kika san idona ma ruwansa kaɗan ne. Na yi kuka, Mama. Bai fito ba ne kawai.

Ki yi haƙuri, na buɗe akwatinki na ɗauko shuɗin zanin. Ya tsufa, har ana ganin haske ta cikinsa. Na raba shi biyu, rabi na Rifkatu, rabi nawa. Na nuna mata yadda kike matse shi kaɗan, ba sosai ba, da inda ake fara ɗorawa. Hannunta irin naki ne.

Allah ya ba ki inuwa mai sanyi, ke da Yohanna. Allah ya tsallakar da yaron nan bazararsa ta fari, ya girma har ya ji kunyar zanin nan kamar yadda na ji. Amin.

Ɗanki,
Bulus