Ruwan da Kamala Ta Ɗiga wa Rahma

Bin Omran, Doha

Yaya Nasira,

Assalamu alaikum. Ina gajiya, ya jikin Inna? Mu lafiya lau muke, kada ki tayar da hankali.

Tun ranar da 'yata Rahma ta yi zazzaɓi ban sake buɗe littafi ba, ni da kika sani. Kamala, Ba'indiyar da muke girki a kicin ɗaya, ta ɗauko tulun tagulla ta ɗiga wa yarinyar ruwa a baki, tana cewa, "Ƙanwata, na kogin Ganga ne, albarka ce." Yadda muke ji da zamzam haka suke ji da shi. Kunya ta hana ni riƙe hannunta.

Washegari gudawa ta kai mu asibiti. An sallame mu, amma har yanzu ba ta tsotso sosai. Likita bai tabbatar ruwan ne ba. Kamala tana kuka ta gaya min ƙaninta yana cikin masu kwashe shara daga kogin da kwalekwale, ya sha gargaɗinta kada a sha.

Baban Rahma ya rantse sai ya kai ta wurin 'yan sanda. In ya kai, kafil ɗinta, wato ubangidan da ya kawo ta ƙasar nan, zai mayar da ita gida, ga 'ya'ya tana ciyarwa. Ni kaɗai na gani, shi ya sa yake so in bi shi in ba da shaida. A littattafan labarin da nake karantawa muguwa daban take, Yaya. Wannan ita ke goya min Rahma.

Kada Inna ta ji. Ki sa mu a addu'a, don Baban Rahma ko gaisuwata ba ya amsawa. Na gaya masa ba zan je ba.

Ƙanwarki,
Haulat