Yadda Goggo Oda Ta Koma Ce Mini "Ku"

Roskilde, 11 ga Fabrairu, 1979

Zuwa ga ƙanwata Solvej,

Gaisuwa mai yawa, da fatan takardar nan za ta same ki lafiya, ke da maigidanki Torkild da yara. Allah ya ba shi sauƙin ciwon bayan nan, ya sassauta muku sanyin Winnipeg, wanda na ji an ce ya fi namu rashin kunya. Mu nan kalau muke. Matata Birthe tana saƙa mini rigar sanyi ta uku, ni kuma ina nan ina koya wa 'ya'yan mutane tarihin sarakunan da ba su dame su ba.

Maganar Goggo Oda ce ta sa na ɗauki alƙalami. Kin san shekara arba'in da ɗaya ta yi tana hidimar tsohuwar Gimbiya. Ita ke taje mata kai, ita ke ɗaura mata takalmi, ita ta yi rainon 'ya'yanta mata biyu har aka kai su aure, ɗaya Jamus ɗaya Ingila, suka koma aiko kati sau ɗaya a shekara. Duk tsawon zaman nan "ku" suke ce wa juna, ko da Goggo na riƙe mata kwanon amai.

To, a watan Nuwamba Gimbiya ta sa aka kawo ƙananan kofuna biyu na ruwan inabi, ta ce su sarƙe hannu su sha, daga ranar su koma "ke" da "ke" kamar aminai. Goggo ta rikice, ta roƙi a ba ta lokaci. Ran Lahadi ta hau jirgin ƙasa ta zo neman shawarata, wai ni ne mai karatu a gidanmu. Ni kuwa kin san bakina. Ina cin kek ɗin tuffa da ta kawo, na shiga zuba mata tarihi, na ce matan gidan sarauta ba sa sauko da kai sai sun waiwaya sun ga babu kowa a bayansu. Na ce wadda kika jira shekara arba'in ai ba za ta mutu ba don ta jira ki zuwa Kirsimeti. Birthe ta taka mini ƙafa a ƙarƙashin tebur, ban kula ba. Wasa nake yi, Solvej. Goggo kuwa ba ta san ana wasa da maganar fada ba. Ta ninke adikonta, ta ce ta ji.

Gimbiya ta rasu ran sha tara ga Disamba, tun Goggo ba ta kai ga ba ta amsa ba. A coci 'ya'yan suka zauna gaba cikin baƙin mayafi, Goggo can layi na tara tare da direba da mai lambu. A bakin ƙofa babbar 'yar ta ba Goggo hannu, ta yi mata godiya, ta kira ta da sunan wata kuku da ta bar aiki tun zamanin yaƙi. Daga baya matar da ta yi jinyar Gimbiya ta gaya wa Goggo cewa marigayiyar ta hana a ɗauke kofunan nan daga gefen gadonta, wai mai su na zuwa.

Makon jiya na je ɗakin da Goggo ta kama a Hillerød, da furanni da jawabin ban haƙuri da na tsara a jirgi. Matar nan da ta yi mini wanka a baho ina jariri ta buɗe ƙofa, ta karɓi kwat ɗina, ta ce: "Ku shigo, Malam Thygesen. Kuna sa sukari a gahawa?" Awa guda na zauna, bakinta bai suɓuce ya ce mini "kai" ko sau ɗaya ba. Jawabin a aljihu na dawo da shi.

Don Allah ki rubuta mata, ke har yanzu tana jin maganarki. Kada ki roƙar mini gafara. Ki dai tambaye ta labarin Gimbiya, ki bar ta ta faɗe shi yadda take so. Ni zan koma ran Lahadi, kuma zan gwada yin shiru, abin da ban taɓa yi ba tun da aka haife ni.

Ki gaida Torkild da Asger da 'yar auta Vibeke. Birthe tana gaishe ku duka.

Yayanki,
Ejvind