Jariran Wasu a Hannuna

Yaya,

Bayan gaisuwa mai yawa, ya jikin Inna, ƙafar ta lafa? Ya maigidan da yara? Ni lafiyata ƙalau, kada ku damu. Tsayuwar aiki ce kawai ke kumbura mini ƙafa, ita ma na fara sabawa.

An mayar da ni ɗakin jarirai, wanda a nan suke kira neonatal. Shugabarmu ta ce wannan "neo" ɗin daga Girkanci Turawa suka aro shi, ma'anarsa sabo. Wai har fitilar neon da ke ƙofar shagon ƙasan ɗakina daga nan ta samo suna. Wuni nake ina ɗaukar sababbin haihuwa, na wasu. Jiya ina yi wa wani wanka, uwarsa ta tsaya a kaina tana bin hannuna da ido kamar zan gudu da shi. Ban ga laifinta ba.

Na saurari saƙon murya da kika turo. Na ji Kumatu ta buɗe baki ta ce "Mama," na ji kin ce "Na'am" kina dariya. Wallahi na yi murna. Sai dai ban iya kai shi ƙarshe ba. Ni na sha naƙudarta, ke kika samu kiran.

Allah Ya saka miki da alheri, na san ba ki rage ta da komai ba. Roƙona ɗaya ne: in ta sake kira, ki nuna mata hotona kafin ki amsa.

Taki har kullum,
Ƙanwarki.