Hayaƙin Tayar Bappa Zai Sake Kayar Mana da Uba

Anti Hauwa'u, don Allah ki taimake ni da shawara kafin in yi abin da za a daɗe ana labarinsa a Gwallaga.

Ni bakanike ne, keke napep nake gyarawa. Boko ban yi nisa ba, amma duk abin da na gani a rubuce sai na karanta, ko da takardar ƙosai ce. Bara mahaifinmu ya samu shanyewar ɓarin jiki. Alhamdu lillahi ya fara takawa da sanda. To a ƙofar gidanmu ƙanensa, Bappa, yake babbakar kai da ƙafar saniya, kuma da tsofaffin tayoyi yake hura wutar, wai sun fi itace ci. Hayaƙin nan, Anti, in ya turnuƙe ko wankin da aka shanya baƙi yake komawa. Ga janaretan mai walda a gefe. A nan fa Baba yake zama kan dakali tun hantsi har azahar.

Na karanta a waya cewa hayaƙi ba a huhu yake tsayawa ba, har cikin jini yake shiga, ya tayar da hawan jini, ya sa jini ya daskare ya toshe hanyar ƙwaƙwalwa. Da na faɗa a gida, aka ce yaushe bakanike ya zama likita. Bappa ya ce shekara da shekaru yana shaƙa, ga shi nan garau. Wane irin garau, mutumin da tari ba ya barinsa ya ƙarasa Fatiha! Rannan na ga Baba ya fyace majina baƙa ƙirin, raina ya ɓaci, na ɗauki bokiti na sheƙa wa wutar ruwa a gaban masu saye. Ban yi nadama ba. Abin haushin, Baban da nake yi dominsa ya daina amsa gaisuwata. Mahaifiyata, Inna A'i, ta ce a wurin nan kaɗai yake ganin mutane ya yi dariya, in na raba shi da ƙanensa me ya rage masa? To sai in zuba ido ya yi ta shaƙa har ciwon ya dawo?

Mai jin haushi, Gwallaga, Bauchi.

AMSA

Ɗana, karatunka bai yaudare ka ba. Bincike ya nuna gurɓatacciyar iska tana ƙara haɗarin shanyewar ɓarin jiki, musamman ga mai hawan jini ko wanda ya taɓa kamuwa. Sai dai kada ka ɗora wa Bappa laifin shi kaɗai. Kekunan da kake gyarawa ma ba turare suke fitarwa ba.

Ruwan da ka sheƙa kuwa, a fuskar mahaifinka ya sauka, don ƙanensa ka kunyata a wurin neman abincinsa. Kuma Inna A'i ta yi gaskiya, kaɗaici ma ciwo ne ga mai jinya.

Ka je ka durƙusa ka ba Bappa haƙuri, kada ka haɗa da "amma". In zukata sun huce, ka nemi liman ko wani aminin Baba ya roƙi Bappa ya matsar da wutar nesa da ƙofa, ya gwada gas ko itace maimakon taya. Shi ma ƙirjinsa zai huta. Baba kuwa kada a raba shi da dakalinsa, lokaci za a sauya: ya riƙa fitowa bayan la'asar, wuta ta mutu, Bappa ya wanke hannu su yi hirarsu.

Ranar ganin likita ka raka Baba, ka ɗauko zancen hayaƙin a gabansa. Abin da ya ƙi ji daga bakinka zai ji daga can. Maganin hawan jini kada ya yi fashi, a rage gishiri. In baki ya karkace, hannu ya saki ko magana ta sarƙe, asibiti nan take, ba jira.

Allah Ya ba Baba lafiya, Ya sanyaya maka zuciya. Gobe da safe, kafin ka wuce gareji, ka fara biyawa wurin Bappa.