Ƙafafun Baba

Litinin, 3 ga Maris
Likita ta ce jijiyoyin ƙafafun Baba sun tsuke, jini ba ya isa sharaɓarsa, shi ya sa da ya ɗan taka sai ya tsaya. Maganin: ya yi ta tafiya har ciwon ya kama shi, ya huta, ya sake. Kullum. In ya ƙi, wata rana sai yanka. "Yana buƙatar mai tsaya masa, marar tausayi," in ji ta tana dariya. Yaya ya ce aiki, Auta ta ce yara. Ni ko bari ta rufe baki ban yi ba, na ce ni zan yi.

Alhamis, 6 ga Maris
Filin makarantar da ya tsufa yana horar da 'yan gudu na kai shi. Da gangan. A nan yake sa ni zagaye ina ƙarama har in yi amai, yana ce wa yara, "Ku kalli Kunkuru, wai 'yata ce." Yau bai kai rabin fili ba ya rungume ƙarfen gola. Na ce, "Ciwo a zuci yake, Baba. Ba haka kake cewa ba?"
Na ci abinci sosai da na dawo.

Asabar, 15 ga Maris
Na ɓoye sandarsa.

Talata, 25 ga Maris
Wani tsohon ɗalibinsa ya gan mu, har da durƙusawa, "Koci!" Na ce, "Ga kocinka nan, yanzu wata tsohuwa mai goyo ta wuce shi." Mutumin ya sunkuyar da kai. A mota Baba ya ce, "Ko muguntar ba ki iya ba. Rabi-rabi, kamar gudunki."

Lahadi, 6 ga Afrilu
Jiya likita ta yaba, wai nisan ya ƙaru. Ni wuya na so ya sha, ga shi sauƙi yake samu. Ta ce in riƙa duba masa yatsu. Na cire safar. Ƙafar hagu sanyi ƙalau, fatar na sheƙi, gashin duk ya zube. Ya ce, "Daina ɓata fuska, ba roƙonki na yi ba."

Laraba, 16 ga Afrilu
Yau da wuri ciwon ya kama shi. Yana jan ƙafa, amma ba zai tsaya ba tunda ina kallo, ga 'yan ƙwallo cike da fili. Na ce takalmina ya matse ni, na zauna a benci na kwance igiya. Ya zube gefena yana haki. Da numfashi ya dawo ya ce, "Raguwa."
Na daɗe ina ɗaura igiyar nan.
Takalmin dai da gaske yana ɗan matsi.