Shafukan da Rifkatu ba ta kai ba

Daren Talata, Palladan

Sai yau na gane cewa tun rasuwar 'yata Rifkatu a baibai nake karanta littafinta. Na labarin zane na Japan ɗin nan da take mayarwa Hausa, tana manna farar takarda a kan rubutunsu, ta sa nata da biro. Kullum na buɗe sai in tarar da shafukan farko ba rubutu, in ce ko farkon ne bai yi mata daɗi ba.

Ƙawarta Aisha ta zo daga Samaru gaishe ni, ta gan shi a hannuna. Ta ce, "Mama, ai daga dama ake farawa, kamar Larabci." Ta juya mini shi.

Ashe ba farkon Rifkatu ta tsallake ba, ƙarshen ne ba ta kai ba.

Na karanta har inda hannunta ya tsaya. Yarinyar labarin tana ƙofar jirgin ƙasa, ta waiwayo tana gaya wa uwarta wani abu, takardar kuwa fara fat. Aisha ta ce idan aka ɓare takardar za ta nemo mini ma'anar rubutun Japan ɗin da ke ƙarƙashi a waya. Na ce ta bari tukuna.

Tuwon dare ma na kasa ci. Ban ɓare takardar ba, ban kuma san abin da yarinyar ta ce wa uwarta ba.